Kitson Sushila a Laknau

Abu ɗaya Sushila take so a duniya lokacin da na san ta: a bar ta ta je ƙauyensu ta haihu a ɗakin uwarta. An ma riga an yi mata alkawari. Sai ga ni, Hajara 'yar Kontagora, na tsallaka teku da jakata da dogon bakina, na sauka a gidan mijinta. Amma bari in bi hanyar yadda na bi ta, don ba a gidansu na fara sauka ba.

Lokacin ba a yi Jihar Neja ba tukuna, muna ƙarƙashin Sakkwato. Ina aikin ungozoma, mijina ya rasu, 'yata Bilki tana hannun Inna. Aka ce ana neman wadda za ta je Indiya kwas a kan kula da masu ciki. Waɗanda suka fi ni takarda mazajensu suka ce ba inda za su, sai abin ya faɗo kaina.

Bombai ce zangon farko. Kai, mutane! Da za a kwashi kasuwar Kontagora ranar da ta fi cika a juye a tashar jirgin ƙasan nan, ko lungu ɗaya ba za ta cika ba. Ina tsaye ina rarraba ido sai wani mutum mai farar riga da tabarau ya zo ya ce mini "Sista", wai shi aka aiko ya tarye ni. Na ji sanyi a raina. Ya karɓi ƙaramar jakata, ya ce in riƙe babbar in jira shi ya je ya nemo mana wurin zama. Har yau yana nema. Ba kuɗi a jakar, ba takarda. Daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa, da yajin da Inna ta daka mini da hannunta. Na zauna a kan babbar jakar na sha kukana. Can na tuno fuskar da ɓarawon zai yi in ya kwance ƙullin daddawar nan, sai dariya ta ƙwace mini. Allah ya sa ya shaƙa da kyau.

Wata tsohuwa mai shara ce ta ga halin da nake ciki. Ta ja hannuna ba magana, ta kai ni bakin wani tarago, ta nuna ƙofar ta ce, "Zanana." Kalmar farko ke nan da na koya a ƙasar. Wurin mata zalla ake nufi, a jirgi ne ko a gida, abin da mu za mu ce cikin gida. Wasu mata suka shigo cikin baƙar burka tun daga kai har ƙasa. Jirgi na tashi suka yaye, sai ga 'yan mata da janbaki da 'yan kunne suna ta hayaniya. Suka dinga shafa hannuna suna duba yatsunsu, wai ko baƙin zai zuba. Raina ya ɓaci, na buge hannun ɗaya. Ita ce kuma daga baya ta buɗe kwanonta ta raba gurasarta biyu ta miƙo mini rabi, don ta lura tun safe ban sa komai a bakina ba. Na karɓa ina jin kunya. Kafin mu kai Laknau, garin da za a yi kwas ɗin, ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Makarantar ta sama mini ɗaki a gidan wata dattijuwa musulma da kowa ke ce wa Begam. Gidan nan, da an rufe mini ido an ajiye ni ciki, cewa zan yi gidan Babanmu ne. Ga ɗakin maza a bakin ƙofa kamar zaurenmu, ga labule mai kauri, bayan labulen kuma mata ne da 'ya'yansu da tukwanensu. Su farda suke ce wa abin, kuma Begam ta ce asalin kalmar labule take nufi. Na ce mata mu kulle muke cewa.

"Ku da kwaɗo kuke yi ke nan," in ji ta, "mu da ƙyalle."

Na ce mata kwaɗon ma a baki yake. Inna ta yi shekara da shekaru ba ta taka kasuwa ba, kuma ba a taɓa sa wa ƙofarmu mukulli ba. Gawayi kawai aka sa aka rubuta "ba a shiga" a jikin zaure. Na gaya mata akwai kulle mai tsanani, akwai tsari wanda mace za ta je biki ko gaisuwa da izinin mijinta, akwai kuma wanda ake ce wa na zuci, mace tana fita amma ta kama kanta. Na ba ta labarin kakata, Bakambara daga wajen Kumbashi, wadda ta yi noma har ta tsufa. In ta zo ganin Inna sai ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu ta ce, da Hausarta mai karkata, "Ke, ba ki gajiya da kallon bango?" Begam ta yi dariya har da hawaye, ta ce su ma matan da ke gona ba ruwansu da farda.

Dokar gidan Begam a take na gane ta, don tamu ce. Baƙo ake ɓoye wa. Suruki da wan miji da kawu duk suna ɗaga labule su shigo, mace ta gyara mayafinta ta gaishe su, shi ke nan. Na ce a raina, ashe ƙasar nan ba ta da wuya.

Damina ta sauka, gidan Begam kuma ya yi nisa da asibitin da muke koyon aiki. Kullum sai na isa a jiƙe, a makare. Wani mai haɗa magani a asibitin, Mohan, mabiyin addinin Hindu, ya ce akwai ɗaki a saman gidansu, kusa-kusa. Ranar da zan tashi Begam ta rako ni har bakin labule ta ce, "'Yata, nasu daban ne da namu. Ki zuba ido kafin ki buɗe baki." Na ce mata na sani. Wannan "na sani" ɗin ita ta kai ni ta baro.

Uwar Mohan ce ke riƙe da gidan, kowa Mataji yake kiran ta. Ranar farko ta ware mini kofi da kwano, ta nuna mini ɗakin girki ta kaɗa yatsa, wato kada in taka. Na ji haushi, na haɗiye. Sai wan Mohan, Shankar, mai shagon yadi, mutum mai shiru wanda tun da mahaifinsu ya rasu shi ne babba. Sai kuma wani zane da na ga yana yawo a tsakar gida, yana shara, yana ɗiban ruwa, ba fuska. An ja bakin zanen daga ka har ƙirji. Wannan ita ce matar Mohan, kuma irin lulluɓin nan gungat suke ce masa. Na yi mamaki, mace a tsakar gidanta? Na ɗauka kunyata take ji.

Washegari maza na fita ta jefar da zanen baya. Ashe yarinya ce ɗanya shakaf, ga wushirya, ga dariya a kusa, ga ciki ya fara turowa. Ta ce sunanta Sushila, ni kuma Didi za ta dinga ce mini, wato Yaya. Daga ranar, in ta hau sama shanya sai ta leƙo ɗakina. Ita ta koya mini yarensu, kalma-kalma, tana mutuwa da dariya in na karya harshe. Ni kuma ina auna mata ciki, ina kafa ƙahon aikina in saurari bugun zuciyar ɗan. In kewar Bilki ta taso mini na zauna na yi tagumi, sai in ji an ajiye mini shayi mai citta a bakin ƙofa, a kofina na daban.

Hirarta ɗaya ce, ƙauyensu. Tun da aka kawo ta damina biyu ba ta je ba, farko Mataji ba lafiya, daga baya aka ce sai an ga hali. Yanzu an yanke: ana gama bikin kunna fitilu Mohan zai kai ta, ta haihu a can, ta zauna har ta yi ƙwari.

"A can ba na rufe fuska, Didi," in ji ta. "Ko gaban wa. Can ni 'ya ce. Nan ni matar ɗa ce."

Na ji maganar, amma ban saurare ta ba. Na ɗauka irin kunyar surukai ce ta wajenmu, ba ka faɗin suna, kana durƙusawa, iyakarta ke nan. Abin da na ji har cikin raina shi ne zuwa gidan, don ni ma a ɗakin Inna na haifi Bilki. Ita ta dafa mini ruwan wanka safe da yamma, ita ta dama mini kunun kanwa. Sushila ta nuna mini akwatinta, tun tuni ta shirya shi, kullum kuma sai ta buɗe ta sake ninke kayan.

Ana saura 'yan kwanaki bikin, wata rana da ba ni da aiki, Mataji ta tafi wurin bautarsu da maƙwabta. Sushila ta daɗe tana sha'awar shukun da ke kaina. Ta ce don Allah in yi mata, ta je da shi ƙauye ta ba ƙawayenta mamaki. Na ce ta kawo mai da mataji. Na zauna a kujera a tsakar gida, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta kunna rediyo a gefe. Gashi har gadon baya, amma santsi kamar miyar kuɓewa, in na kama nan sai can ya zame. Ina tsaki tana dariya. Bakin zanenta kuwa, don kada mai ya ɓata shi, na naɗe na danne a ƙarƙashin cinyata.

Muna cikin haka sai mai tallar awarwaro ya turo kai ta ƙofa. Ban san lokacin da na zabura na jefa mata gyalena a ka ba, na hau shi da faɗa da Hausa: "Kai, wane irin mutum ne kai? Gidan matan aure ne nan!" Sushila ta cire gyalen tana riƙe ciki don dariya.

"Didi, wannan ai ba kowa ba ne!"

Ta tashi fuska a buɗe, rabin kai a tsefe, ta taya awarwaro, ba su daidaita ba, ya tafi. Ko a nan ya kamata ƙwaƙwalwata ta ba ni. Ina! Na ce yarinta ce.

Muka koma kan kitso, na sake danne bakin zanen a ƙarƙashin cinyata. Na kwantar da kanta a cinyata ina yin gefen kunne, kunne ɗaya a danne, ɗayan rediyo ya cika shi. Sai na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Aka sake, aka ja takalmi a ƙasa da ƙarfi. Na san tarin, na Shankar ne, kullum haka yake yi kafin ya shigo, ni kuwa na ɗauka ƙirjinsa ne ba lafiya. Na ce a raina, mutum da gidansa ya tsaya a waje kamar baƙo? Sai na ɗaga murya, cikin yarensu da nake taƙama na iya, na ce, "Shigo mana!"

Ya shigo, don ya ɗauka an kintsa.

Sushila ta ɗago. Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ta kai hannu baya tana laluben bakin zanenta, yana ƙarƙashin cinyata. Ta ja, ya ƙi. Gashinta kuma yana naɗe a yatsuna. Ta sa tafukanta biyu ta rufe fuska ta duƙunƙune. Shankar ya juya ya fuskanci bango kamar an mare shi, ya fita da sauri, ko abin da ya zo ɗauka bai ɗauka ba.

Ta warware kitson nan tas, tana fizgar gashin har yana tsinkewa. Sai a lokacin ta yi mini bayanin da na ƙi ji tun farko. A wajensu ba mai talla ake ɓoye wa ba. Manyan gidan miji ake ɓoye wa, uban miji, da wan miji fiye da kowa. Tun da aka kawo ta Shankar bai taɓa ganin fuskarta ba, bai taɓa jin muryarta sosai ba. Tarin nan kuwa ba ciwo ba ne, sallamarsa ke nan.

Na ce, "Na shiga uku! Bari in je in same shi."

Ta riƙe ƙafata. "A'a, Didi. Bai gani ba."

"Ya gani mana, ina kallon sa!"

"Bai gani ba," ta sake cewa, tana kallon cikin idona. "Kada ki ce komai. Ga kowa."

Kuma haka aka yi. Da yamma Shankar ya dawo, ya yi tarinsa, ya ci abincinsa, Sushila ta zuba masa ruwa cikin lulluɓinta. Ba wanda ya ce uffan. Kwana ya bi kwana, Mataji na ta shirin biki, akwati na nan a ƙofar ɗaki.

Ni ce na kasa zama. In na haɗu da Shankar a matakala ya sunkuyar da kai, sai in ce fushi yake yi. In na ga Sushila ta yi shiru, sai in ce tsoro ne ke cin ta. Abinci ya daina yi mini daɗi. A gidanmu ba a barin laifi ya kwana a rufe. Babanmu in ka yi wa mutum ba daidai ba, goro zai ba ka, ya ce ka je ka durƙusa, kuma a gaban mutane, don ban haƙurin ɓoye a wajensa ba ban haƙuri ba ne. Da haka na tashi. Na dinga ce wa kaina yarinyar nan nake so in wanke, kada wata rana a ce ita ce mara kunya. Gaskiyar ita ce nauyin da ke ƙirjina nake so in sauke.

Ba goro a garin, sai na sayi kwalin alawa. Na jira la'asar, lokacin da Shankar ke zama a baranda, Mataji na gefe tana tsince shinkafa, ga wata maƙwabciya ta zo hira. Da gangan na zaɓi lokacin, wallahi da gangan, don a samu shaidu. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na ajiye kwalin a gabansa.

"Yaya Shankar, na zo ban haƙuri. Abin da ya faru ranar nan laifina ne, ba na Sushila ba."

Ya dube ni, ya dubi uwarsa. A hankali ya ce, "Sista, ban san abin da kike magana a kai ba."

Ƙofa ce bawan Allah ya buɗe mini in fita. Ni kuwa na ɗauka kara yake yi mini, sai na ƙara ƙaimi.

"Ranar da ka shigo ina yi mata kitso, ka same ta kai ba lulluɓi. Ni na ce ka shigo. Ni na danne mata zane."

Mataji ta daina tsince shinkafa. Maƙwabciyar ta kai hannu baki, idonta na ƙyalli, ka san labari ya samu ƙafa. Shankar ya tashi ya shiga takalminsa ya fita, alawar ko kallon ta bai yi ba. Daga cikin ɗakin girki na ji kwano ya faɗi.

Kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka. Kafin azahar an ƙara gishiri: wai tana dariya, wai ba ta ko motsa ba. Mataji ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai sa aka mayar da akwatin ƙarƙashin gado. Na same ta na roƙe ta, har da kuka. Ta ce, "In na tura ta gida yanzu, za a ce korar ta muka yi don abin kunya, kuma wannan sunan zai bi ta har jikokinta. A nan za ta haihu, kowa ya ga ba mu kore ta ba." Sannan ta ce, "Ɗana ya rufe, yarinyar ta rufe. Ke wa ya aike ki?" Ta ce in nemi wani wurin kafin ƙarshen wata, kafin nan kuma in dinga bi ta matakalar waje, kada in sake taka tsakar gida.

Mohan ya daina haɗa ido da ni a asibiti. Aka yi bikin fitilu, gari duk ya haske, ni ina ɗaki na turo ƙofa.

Bayan bikin Sushila ta hau sama shanya. Ba ta leƙo ɗakina ba. Ni na fito, na same ta bayan wani jiƙaƙƙen zane a kan igiya, lulluɓinta har ƙirji, alhali daga ni sai ita. Na fara, "Sushila, don Allah..."

"Na ce miki bai gani ba, Didi." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta matse wata riga ta rataye. "Amma na jira na. Ta san ana gama biki zan zo. Kullum za ta fita bakin titi." Amma ɗin nan uwarta ce, haka take kiran ta. "Ba wanda zai je ya gaya mata, kowa kunya yake ji. Ke ba ki da aiki ranar Lahadi."

Na ce zan je ko a bayan duniya ne.

Bayan duniyar ce kuwa. Na shiga bas da sassafe, aka cusa mu da kaji da buhuna, sanyi na shigowa ta tagar da ba gilashi. Yaron motar ya ce ya san ƙauyen, ya sauke ni a wata mararraba, ashe ba nan ba ce. Na yi ta tafiya a ƙasa tsakanin gonakin rake, yara na bi na a baya suna ihu. Wani mai amalanken shanu ya tausaya ya ɗauke ni har wani titin, a kan hanyar da ta fi ta Zugurma ta wajenmu ramuka, ya ƙi karɓar komai. Can na samu wata bas ɗin. Duk tsawon hanyar ina haɗa maganar da zan faɗa ina warwarewa.

Tun kafin motar ta tsaya na gane uwar Sushila. Wata 'yar siririyar mace ce a gindin bishiyar mangwaro, da wushirya irin ta Sushila sak. Ta taso da sauri ta zo bakin ƙofa. Na sauko, ta matsa mini in wuce, tana leƙen bayana. Wani tsoho ya sauko da akuya. Motar ta tashi. Ta bi ta da kallo har ta sha kwana.

Na ce, "Amma."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce Didi," in ji ta. Ashe Mohan ya taɓa aika musu labarina. "Ina take?"

Na gaya mata ba za ta zo ba, a can za ta haihu. Na fara bayanin kitso da tari da alawa, yaren ya watse mini a baki, kuka ya ci ƙarfina. Ban san iya abin da ta fahimta ba. Ta dai kama hannuna ta ce, "Kin sha hanya. Zo ki ci abinci."

Matan ƙauyen suka fito kallo, duk 'ya'yan garin fuska a buɗe, suna tambayar ina Sushila. Amma ta wuce da ni ba ta amsa musu ba. Ta nuna mini ɗakin da ta shirya: an yi sabon yaɓe, an ɗaure gado da sabuwar igiya, ga itace an tara a gefe har ya kai taga. Ta shimfiɗa mini farantin ganye a ƙofar ɗakin, ta zuba shinkafa da madara da wata miyar ganye mai ɗaci-ɗaci. Ta ce kullum sai ta dafa, don ita Sushila ke so, in ba ta zo ba a ba yara. Na ci. Na cinye tas, don tana zaune tana kallo na.

"A ƙasarku ana barin 'ya ta je gida haihuwa?"

"Ana bari."

"Ke kin je?"

"Na je."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon itacen nan. Sannan fuskarta ta ɗan saki, kamar wadda ta tuna abin alheri.

"An ce ke ungozoma ce, kuma gida ɗaya kuke. To, da sauƙi." Ta taso ta zagayo bayana, ta ɗora tafin hannunta a ƙasan ƙuguna, ta danna da ƙarfi. Hannun kaushi, ga ɗumi. "Mu a gidanmu nan naƙuda ke kama mu, ni haka, uwata haka. In ta fara, nan za ki danna mata, kada ki saki. Ki ce mata hannuna ne."

Na buɗe baki in ce mata an hana ni ko taka tsakar gidan, kuma saura kwanaki in kwashe kayana. Na dubi fuskarta. Na ce, "To."

Na koma gidan Begam da zama. Saƙon na ba Mohan, yana saurare yana kallon ƙasa, na nuna masa wurin a bayana, na ce ya gaya wa uwarsa ko duk wadda za ta karɓi haihuwar. Ya ce zai gwada. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan, ba a buɗe mini ba.

Wata safiya cikin tsananin sanyi ya shigo asibiti da kwalin alawa yana rabawa, bakinsa har kunne. Namiji aka samu. Ya zo gabana ya ɗan tsaya, sannan ya miƙo mini kwalin. Na ce tana lafiya? Ya ce lafiya, sai dai ta daɗe, tun jiya da rana ake abu ɗaya, yana jiyo ta daga waje tana kiran uwarta.

Na ce, "Mohan, bayan fa? Akwai wadda ta danna mata bayan?"

Ya ce, "Sista, ina zan sani? Maza ba sa shiga."